Yadda na tsayar da salansar ƙaramar taraktata, da asarar da na yi kafin ta tsayu

Lambuna yana bakin kogin Galma ne ta wajen Dakace a Zariya, bai cika kadada biyu ba. Da rani tumatir da albasa da ɗan karas, da damina masara. Shekara uku ke nan da na sayi ƙaramar tarakta, irin mai ƙafa biyu ɗin nan da ake binta a baya ana riƙe da ƙahonta, wadda wasu ke ce wa fawa tila. Injin gas, wato dizal, gare ta mai silinda ɗaya a kwance, ƙirar China, doki 12, da tukunyar ruwa a ka tana tafasa kamar ta mai shayi. Ta hannu na saya, kuma da halinta ta zo. Salansarta ta asali ta ruɓe tun a wajen mai ita na farko, shi kuma ya sa aka jona masa wata guntuwa, bakinta na kallon ƙasa ta gefe.

Ƙanena ne ke tuƙa ta, don haka shi ya fi shan wahalar. Hayaƙi ya daki busasshiyar ƙasa, ya taso da ƙura, su haɗu su dawo fuskar wanda ke baya. Kullum da yamma hancinsa baƙi ƙirin, ga tari, ga ido jawur. Ni kuwa sai in ce ya ɗaura rawani, aikin gona ya gaji haka. Abin da ya sa na daina wasa da maganar ya faru ne a watan Disamba, hunturu na kaɗawa. Mun tara karan masara a gefen kunya, ya zo wucewa ta kusa, salansa ta tofar da tartsatsi, kafin ka ce kwabo kara ya kama. Allah Ya sa injin ban-ruwa na aiki a lokacin, muka juya tiyo muka kashe. Da wutar ta tsallaka gonar maƙwabcina, inda ya baza harawar wake, da yanzu wani labarin ake yi.

Tun ina yaro nake ganin manyan tantan na wajen Samaru da bututunsu a tsaye, hayaƙi na tashi sama ba ruwansa da direba, sai na ce ai wannan ba wani abu ba ne, fayif ne da walda. A nan na fara kuskure, domin ban nemi bakanike ba, ban ma auna komai ba. Na hau babur na nufi Sabon Gari wajen masu kayan famfo, na ce a yanko min fayif inci ɗaya da rabi, tsawon ƙafa 4, da gwiwa ɗaya. Mai shago ya tambaye ni fari ko baƙi, na ce fari, don ya fi kyan gani kuma ba ya tsatsa. Naira 7,000 na biya. Ko da na saɓa shi a kafaɗa na ji nauyinsa, ya haura kilo 4, amma a raina sai na ce nauyi ai alamar ƙarko ne.

Washegari muka ja tarakta zuwa wajen wani mai walda a bakin titi, ba nisa da lambu. Mun isa da hantsi, babu wuta. Ya ce mu ɗan jira, yanzu za su kawo. Muka zauna a kan benci har aka kira azahar, muka yi sallah muka dawo, shiru. Da la'asar ta gabato na haƙura na ba da 2,000 aka sayo mai aka ta da janareto. Aikin kansa bai ɗauki minti 40 ba. Ya yanke tsohuwar salansa daga wuyanta, ya bar ɗan faifan ƙarfen da ke ɗaure a jikin inji, ya liƙa gwiwa a kai, ya liƙa dogon fayif a kan gwiwa. Na ce masa, "Oga, ita tukunyar salansar fa?" Ya ce, "Alhaji, ai ba ta da amfani, ita ce ma ke shaƙe inji. Yanzu za ka ga ƙarfi." Yana walda wani farin hayaƙi na tashi daga fayif ɗin, yana kau da kai yana tofar da yawu. Daga baya na san cewa farin fayif na ruwa an shafe shi ne da zink, kuma idan wuta ta ci zink ɗin, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon kai. Ya karɓi 5,000, muka tafi ina ta sha'awar abina yana ƙyalli.

Sha'awar ba ta kwana ba. Ƙarar da ta riƙa yi sai ka ce ana harba bindigar toka ba tsayawa, har masu lambun tsallaken ruwa suka aiko a tambaya ko lafiya. Ƙanena ya samu sauƙin hayaƙi, ya koma toshe kunne da auduga. Kan fayif kuwa sai rawa yake yi kamar rake a iska. Na ga rawar da idona, na ce zai saba. A rana ta uku, ana cikin huɗar wurin albasa, muka ji ƙas, fayif ya kwanta ta gefe guda, saura kaɗan ya daki filawil, babban faifan nan mai nauyi da ke juyawa a gefen inji. Da na duba sai na ga waldar tana nan daram. Ɗaya daga cikin kusoshi biyu masu zare da ke riƙe da salansa, waɗanda bakanike ke kira sitod, shi ne ya karye, kuma ya karye ne a cikin tof silinda, wato ƙarfen da ke rufe kan silinda, ko ɗan abin kamawa bai bari a waje ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Sai da na ɗauki hayar a-kori-kura a kan 6,000, muka haɗu mu biyar muka ɗora ta da katako biyu. Ga wata shawara a nan: duk wanda zai ɗauki inji a bayan mota ya ratsa gari, ya sa rasit ɗin sayensa a aljihu. An tsayar da mu a shinge, aka tambayi na wane ne, na miƙa takarda, aka ce Allah Ya kiyaye hanya. Muka sauke ta a garejin wani dattijon bakanike a Sabon Gari, wanda tun zamanin mahaifina shi ke mana gyaran injin niƙa da na ban-ruwa. Ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba, ya ɗaga farin fayif ɗin ya jinjina, ya ajiye. Sannan ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan shawara?" Na ce, "Baba, ni na ba kaina." Ya ce, "To, ɗauko taɓarya ka riƙe ta ta ƙarshe da yatsa biyu, in sa yaro ya yi ta girgiza maka hannu tun safe har yamma. Taɓaryar ce za ta gaji ko yatsun?" Ya ce irin wannan inji idan yana gudunsa na aiki yana juyi wajen 2,000 a minti, wato yana bugawa sau 1,000, kuma da yake silinda ɗaya ce babu 'yar uwar da za ta tare mata bugun, duk a jikinsa yake ƙarewa. Ni kuma na ɗauki ƙarfe mai kilo 4 na tsayar a kan sitod biyu da ba su fi kaurin fensir ba.

Ciro guntun da ya maƙale ya cinye kwana biyu. Ranar farko yaransa sun yi ta ɗiga masa mai suna bari ya jiƙa, shi kuma yana kan wani injin niƙa da mai shi ya riga ni zuwa. Ban yi ƙorafi ba, layi layi ne. Rana ta biyu ya ɗora noti a bakin ramin, ya sa aka cika cikin notin da walda har ya kama guntun, aka bari ya huce, ya sa sifana a hankali yana gaba yana baya. Karo na farko notin ya ɓalle shi kaɗai. Karo na biyu ma haka. Ina tsaye cikina na ƙugi, domin ya riga ya gaya min in wannan dabara ta ƙi, sai an huda da dirila a sake yanka zare, in kuwa hannu ya goce, tof silinda ƙarfen kas ne, ba ya son wasa, sai dai sabo. A karo na uku guntun ya motsa. Ya ce a canza sitod ɗin duka biyu, don na ɗayan gefen ma ya sha wuya ko da ido bai gani ba. Wannan aikin 8,000 ne har da kuɗin sababbin.

Daga nan aka fara aikin da ya kamata in fara da shi tun farko. Ya yago kwalin sigari a ƙasa, ya ɗora a bakin da hayaƙi ke fita, ya murza da babban yatsansa mai baƙin mai, sai ga zanen rami da gurbin sitod biyu sun fito sarai. Ya ce in kai wa masu injin feƙe ƙarfe su yanko min faifai sabo daga ƙarfe mai kaurin milimita 8, su huda ramukan daidai da zanen. Tsohon faifan siriri ne, kuma zafin waldar farko ya riga ya lanƙwasa shi. Na kai da safe, aka ce in dawo bayan azahar, na dawo aka ce bayan la'asar, a ƙarshe dai na karɓa gab da magariba a kan 4,500. Kwalin nan kada ka yar da shi, da shi za a yanka gaskit, abin da ake sawa tsakanin faifai da inji don kada hayaƙi ya sulale.

Wajen fayif kuwa, ya hana ni komawa shagon kayan famfo, ya ce in tafi wajen 'yan gwangwan in nemi bututun salansar mota, wanda dama don zafi da hayaƙi aka yi shi, ga shi ba nauyi, kuma sau da yawa akan same shi da lanƙwasarsa ta kamfani mai santsi, ba sai an yanka an haɗa gwiwa mai kusurwa ba. A nan na koyi wani abu da ya kamata mai saye ya sani. Idan ka ce inci ɗaya da rabi, mai kayan famfo cikin fayif yake nufi, mai fayif ɗin kujera da ƙofa kuwa bayansa yake nufi, don haka suna ɗaya ne amma rami ba ɗaya ba. Baba ya ce in tafi da kwalina in riƙa gwadawa, kada cikin bututu ya kasa bakin inji ko da kaɗan, domin in ya matse, hayaƙi zai riƙa komawa baya, inji ya yi zafi, ya rasa ƙarfi, ya yi ta baƙin hayaƙi. In ya ɗan fi faɗi ba laifi. Na sha tono a cikin tarin ƙarafa wajen awa biyu, har na yanke a yatsa, kafin na samu bututu mai lanƙwasa da kuma ƙaramar tukunyar salansa doguwa da aka ciro daga wani mataccen janareton gas. Na girgiza ta ban ji ɓaraguzai a ciki ba, na hura iska ta wuce. Suka ce 13,000, muka daidaita a 9,000.

Mai waldar da Baba ya kira maƙwabcinsa ne, kuma a gabansa aka yi komai. Abu na farko da suka yi shi ne kwance tankin mai, domin a irin wannan inji tankin na zaune ne a sama, kusa da inda za a yi wuta. Aka ɗaura sabon faifai, aka riƙe bututu a tsaye, Baba ya koma baya yana hange yana cewa a ɗan karkato, a ɗan ɗaga, sai da ya tabbata bai tare hannun wana inji ba, bai kusanci bel ba, bakinsa kuma ya yi nesa da matatar iska, kada inji ya riƙa shaƙar hayaƙin kansa. Sannan aka ɗiga walda wuri uku kawai, aka kwance, aka kai ƙasa aka ƙarasa. Da ya huce, ya ɗora faifan a kan gilashi da takardar gurza a tsakani, ya yi ta gogawa har fuskar ta kwanta daidai, saboda zafin walda na jan ƙarfe komai kaurinsa. Tukunyar salansa aka sa ta ƙasa-ƙasa, kusa da inji, don nauyi ya zauna kusa da gindi. A kanta aka zura ɗan bututu aka matse da kilif, ba a liƙe ba, don a iya zare shi. Tsawon duka bai wuce ƙafa 2 da rabi ba. Na ce, "Baba, bai yi gajere ba? Ai bai wuce kan mutum sosai ba." Ya ce hayaƙi mai zafi sama yake nema, kai dai nuna masa hanya, kowane inci da ka ƙara nauyi ne a kan sitod.

Inda na fi ƙaruwa shi ne wajen tokara. Mai walda ya ɗauko ƙarfen angul zai tokare bututu da gangar jikin tarakta, Baba ya daka masa tsawa. Ya nuna mana ramukan da inji ke zaune a kai, dogaye ne, saboda duk lokacin da bel ya saki ana sassauta noti a tura injin gaba a ɗaure. In ka tokare bututu da gangar jiki, ranar da ka tura inji sai tokarar ta ja shi baya, ka koma gidan jiya. Ban da haka ma, inji da gangar jiki kowa da rawarsa, abin da aka ɗaure a tsakaninsu shi ke shan wahala. Don haka a jikin injin kansa aka nemo noti biyu masu ƙarfi, aka ɗauro faffaɗan ƙarfe daga nan zuwa saman tukunyar salansa, aka kama ta da kilif. Da aka gama na sa hannu na girgiza bututun, sai duk taraktar ta motsa tare da shi.

Saura ruwan sama, wanda ni ko tunaninsa ban yi ba, tunda a hunturu muke. Zariya kuwa tana samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma bututu a tsaye mazurari ne. In inji ya tsaya bawul ɗin hayaƙi a buɗe, ruwa zai gangara har kan fistin. Sararin da ke rage a saman fistin idan ya kai ƙarshe bai fi cokalin miya uku zuwa huɗu ba, ruwa kuma ba ya matsuwa kamar iska. Ka wana da ƙarfi da safe, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Ko bai kai haka ba, tsatsa za ta ci bawul da ringi. Mun nemi murfin kanti mai buɗewa da kansa, duk waɗanda muka gani na manyan motoci ne, sai mai walda ya yanka ɗan faifai ya yi masa maƙala, ya liƙa noti a bayansa don ya daidaita nauyi. Inji na tashi hayaƙi ya ɗaga shi, yana mutuwa ya rufe. Aka sa maƙalar ta ɓangaren direba, don murfin in ya buɗe ya riƙa tura hayaƙi gaba. A can ƙasan lanƙwasa kuma aka huda ɗan rami milimita 3, ko ruwa ya saci hanya ya samu mafita.

Aka naɗa ragar ƙarfe a jikin tukunyar ta gefen tanki da gefen da hannu ke kaiwa, da ratar yatsa ɗaya a tsakani, domin wurin na iya haura digiri 400 in ana aiki mai nauyi. Fenti ma sai da na nemo na gwangwani mai jure zafi a kan 4,000, na gida ƙonewa yake yi a ranar farko. Aka yanka gaskit, aka ɗaure, aka mayar da tanki, aka turo ta waje. Baba ba ya yarda a ta da inji a cikin rumfa, ya ce hayaƙin da ba ka gani ya fi wanda kake gani kisa. Yaro ya danna ɗan hannun sakin numfashi, wanda ke sakin matsin iskar inji don wanawa ta yi sauƙi, ya wana, ya saki. Ta tashi da tattausar murya, tuf tuf tuf, murfi na ƙwal-ƙwal a sama. Baba ya zagaya bakin faifai da bayan hannunsa yana neman inda iska ke fita, bai samu ba. Ya bar ta ta yi zafi minti 20, ya kashe, bayan ta huce ya sake bin notin da sifana, kowanne ya ƙara ɗan juyi. Ya ce in sake yin haka bayan aikin kwana ɗaya, kuma in ja su bi da bi, kada in ƙure ɗaya kafin ɗaya.

Da na zauna lissafi, aikin da ya tsaya ya ci 31,000: bututu da tukunya 9,000, faifai 4,500, gaskit 1,000, kilif da noti da raga 2,500, walda 10,000, fenti 4,000. Gaggawata kuwa ta ci 28,000, in aka haɗa farin fayif, waldar farko da manta, a-kori-kura da ciro sitod, ban da kwana tara da wurin albasa ya yi yana jira. Farashi dai kullum hawa yake, kada wani ya riƙe waɗannan a matsayin na yau. Da zan sake, bakanike zan fara nuna wa, a ɗauki zane a kwali, sannan a je neman ƙarfe, mai walda ya zo a ƙarshe. Ba zan taɓa farin fayif ba, ba zan yar da tukunyar salansa ba, kuma ba zan bar wurin ba sai an yi tokara a jikin inji. Na kuma fahimci mai waldar farko bai cuce ni ba, abin da na kawo masa shi ya liƙa, kuma waldarsa ba ta ɓalle ba.

Damina biyu ke nan tana aiki. Tarin ƙanena ya tafi, amma ya samu sabon ƙorafi: in aka bar inji yana ɗan gudu a tsaye ya daɗe, sai ya tara baƙin maiƙo a bututu, da an ba shi wuta ya fesa ɗigo-ɗigo a riga. Yanzu ba ma barinsa yana aiki a banza, kuma an ware wa aikin tsohuwar riga. Murfin ma na lura iskar hadari kan ɗaga shi, don haka da dare muna kifa gwangwanin tumatir a kai mu ɗaure da roba, da safe kuma mu wana sau biyu uku da numfashi a sake kafin mu tayar. Sau ɗaya ƙanena ya manta da gwangwanin, ya tayar, ya yi sama ya faɗa cikin kwalbatin maƙwabci. Abin da ya rage shi ne reshen mangwaron da ke bakin shiga lambu, wanda ke shafar murfin duk wucewa. Ni na ce a sare reshen, mahaifiyarmu ta ce mangwaron ya girmi tarakta, sai dai a rage bututu. Tunda da kilif aka kama shi, ran Asabar zan zare in kai a yanke inci 3.